Hawan Pico do Fogo: amsa ga mai son kaiwa ƙololuwa a yini ɗaya

Tambayar da aka aiko: "Ni mutumin Kano ne, shekaruna sun kusa hamsin. Zan je taro a Praia, babban birnin Kabo Berde, ƙasar tsibiran nan da ake kira Cape Verde a labarai, cikin watan Janairu, kuma zan samu 'yan kwanaki bayan taron. Na ga hotunan dutse mai aman wuta na tsibirin Fogo, raina ya biya. Tsibirin ƙarami ne, dutsen kuma ga shi nan a bakin teku. Zan iya sauka da safe, in hau, in dawo a ranar? Dole sai da ɗan jagora? Kuma ba ya tashi mutum yana kansa?"

Malam, za ka iya hawansa in Allah ya yarda, muddin lafiyarka ƙalau kuma ƙafarka ta saba da tafiya. Ana samun waɗanda suka girme ka suna kaiwa bakin ramin da ke samansa. Sai dai ba a yini ɗaya daga bakin teku ba, kuma ba kai kaɗai ba. Abin da ya sa ka ga kamar aikin sa'o'i kaɗan ne shi ne abin da ke ruɗin yawancin baƙi, wato kusancin teku. Mutum yana tsaye a São Filipe, babban garin tsibirin, da 'yar shara a jikinsa, iskar ruwa tana kaɗa shi, sai ya ɗauka dutsen ma ɗan bakin ruwa ne. Ganin Dala ba shiga birni ba ne.

Fogo tsibiri ne kusan zagayayye, faɗinsa bai wuce kilomita 25 da wani abu ba, amma ƙololuwarsa ta kai mita 2,829 daga doron teku. Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Najeriya, mita 2,419 ne. Ƙololuwar duwatsun Bagzan ta Nijar mita 2,022. Su waɗannan suna zaune ne a kan ƙasa mai tudu tun asali, shi kuwa Fogo daga sifili yake tashi, daga inda igiyar ruwa ke dukan baƙin yashi. Idan aka haɗa da abin da ke nutse a ƙarƙashin ruwa, tsayinsa daga ƙasan teku ya kai wajen kilomita 7. Tsibirin gaba ɗayansa dutse ɗaya ne. Garuruwa da gonaki duk a kafaɗarsa suke maƙale.

Yana da kyau ka san yadda aka yi ya zama haka, domin shi zai nuna maka inda tafiyar ƙafa take farawa. A da can akwai wani dutsen da ya riga wannan, masana suna kiransa Monte Amarelo. Kimanin shekara 73,000 da suka wuce, ɓangarensa na gabas ya zaftare ya faɗa teku. Igiyar ruwan da wannan zaftarewa ta tayar ta isa tsibirin Santiago, inda taronku zai kasance, ta ɗauki manyan duwatsu daga gaɓa ta jefa su can kan tudu. Har yau suna nan, wasu nauyinsu ɗaruruwan tan. Abin da ya rage a Fogo shi ne wata katanga mai lanƙwasa da ake kira Bordeira, wadda a wasu wurare tsayinta ya kusa mita 1,000, ta rungume wani shimfiɗaɗɗen kwari mai faɗin kilomita 9 ko kusa da haka, bakinsa a buɗe ta gabas. Wannan kwarin shi ne Chã das Caldeiras. A cikinsa ne sabon dutsen, Pico, ya tsiro ya yi ta girma har ya zarce katangar. Chã tana kan mita 1,700, kuma mota tana kaiwa can daga São Filipe cikin sa'a ɗaya da 'yan kai. Saboda haka abin da za ka hau da ƙafa mita 1,100 ne ko kusa da haka. Kada ka raina su.

A lissafin agogo kaɗai, ana iya barin São Filipe da tsakar dare a motar haya, a isa Chã da asuba, a hau, a sauko, a koma da yamma. Akwai masu yi. Ni ba na ba da wannan shawara, ballantana ga wanda jirgi ya sauke shi a safiyar ranar, wanda shi kam lokaci ma ba zai ishe shi ba. Dalilina na farko iska ce. A saman Pico nauyin iska bai wuce kashi 72 cikin ɗari na abin da ke bakin teku ba, wato kowane numfashi da ka ja yana kawo maka oksijin da ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Ciwon tsauni yakan fara bayyana daga mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala da rashin son abinci. Pico bai shiga sahun duwatsun da wannan ciwo ke kashe mutane a kansu ba, domin ba a daɗewa a sama, amma wanda ya taso daga bakin ruwa ya haura mita 2,800 cikin sa'a shida ya fi kowa haɗuwa da shi. Kwana ɗaya a Chã yana rage wannan sosai. Kwana biyu ya fi.

Akwai wata magana da littattafan yawon buɗe ido na Turawa ba sa kawowa, domin ba ta dame su ba, mu kuwa ta dame mu. Ka san rukunin jininka? A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yana ɗauke da AS, wato ya gaji ƙwayar sikila daga ɗaya cikin iyayensa. Mai AS yawanci yana rayuwarsa ba tare da ya ji komai ba, amma likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙarancin oksijin a kan tsauni, idan ya haɗu da aikin ƙarfi da ƙishirwa, yana iya sa ƙwayoyin jininsa su lanƙwashe su toshe hanyar jini a saifa. Alamarsa ciwo ne mai tsanani a gefen hagu na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har ya harba kafaɗar hagu. Ba kowane mai AS yake samun wannan ba, da yawa suna hawa lafiya su sauko lafiya, amma idan kai AS ne ka ga likita kafin tafiya, ka yi kwana biyun nan a Chã, ka yawaita shan ruwa, kuma da ka ji irin wannan ciwo ka sauko nan take a kai ka asibiti a São Filipe. Mai sikila ta SS ko SC kuwa, ƙololuwar nan ba tasa ba ce. Haka mai ciwon zuciya, ko hawan jinin da bai daidaita ba, ko asma mai tashi akai-akai. A shekarunka, awon jini da na zuciya kafin tafiya ba ɓata kuɗi ba ne.

Dalili na biyu sanyi. A ƙa'ida, duk mita 1,000 da ka hau, zafi yana raguwa da digiri 6 da rabi. Idan São Filipe tana kan digiri 25, ka cire kusan 18 kafin ka kai sama, sannan ka ƙara iska a kai. A watan Janairu dare a Chã yakan yi sanyi har ya kusa sifili, wani lokaci raɓa ta daskare a kan ganye. Kai mutumin Kano ne, ka san jaura, amma wannan ya fi ta cizo, kuma ɗakunan baƙi na can ba a ɗumama su. Kada ka dogara da babbar riga ɗaya mai kauri. Ka sa kaya hawa-hawa: 'yar ciki mai saurin bushewa, rigar sanyi a kai, sannan jaket mai tare iska. Za ka fara tafiya kana rawar ɗari, bayan rabin sa'a gumi ya karyo, a sama kuma da ka zauna minti goma sanyin ya dawo ya kama jiƙaƙƙiyar rigarka. Kayan da ake tuɓewa a mayar su ne maganin wannan. Ka haɗa da hular sanyi da safar hannu; safar hannun ma za ta kare tafinka daga kaifin dutse, domin narkakken dutse idan ya daskare yana yanka.

Ana tashi ne da duhu, wajen ƙarfe 6 na safe ko kafin nan. A Janairu rana ba ta fitowa a can sai wajen ƙarfe 7, don haka za ka yi sallar asuba ka ɗauki sandarka da tocilan. Ka tuna agogonsu yana bayan na Najeriya da sa'a biyu. Sammakon nan yana da dalilai guda biyu masu ƙarfi. Ɗaya, dutsen baƙi ne ƙirin, babu bishiya, babu inuwa, babu ɗigon ruwa daga gindi har sama. Da rana ta take, tokar tana shan zafi tana mayar maka da shi a fuska, ga hasken rana mai ƙona fata da ke ƙaruwa da kimanin kashi 10 cikin ɗari a duk mita 1,000. Kada baƙar fata ta ruɗe ka, leɓe da hanci suna tsagewa, ido yana ja. Biyu, gajimare. Iskar da ke kaɗawa a wannan yanki na Atlantika daga arewa maso gabas take zuwa, ɗauke da laimar teku. Idan ta bugi tsibirin sai ta haura, ta yi sanyi, ta zama gajimare a tsakiyar kafaɗar dutsen. Shi ya sa yankin Mosteiros na arewa maso gabas yake kore shar da gonakin kofi, kudu maso yamma kuwa a bushe. Da safe gajimaren yana kwance a ƙasa da kai, kana kallonsa daga sama. Da rana ta ɗaga yakan taso, wani lokaci ya shigo ta buɗaɗɗen bakin nan na gabas. Wanda ya makara zai sha rana a hawa, ya isa sama ya tarar an rufe masa abin da ya zo gani.

Hanyar da aka saba bi tana tashi ne daga ƙauyen Portela ta kama dutsen ta gefen arewa. Farkonta mai daɗi ne: shimfiɗar toka, kurangar inabi a cikin ramuka, bishiyoyin ɓaure da tuffa nan da can. A nan mutane suke yin kuskuren sauri. Bayan nan ƙasa ta fara miƙewa, ka shiga tsakuwa da toka marasa riƙo. Idan ka taɓa ganin yaro yana ƙoƙarin hawa tsibin gero a masussuka, ka ga abin: taku uku gaba, ɗaya ya zame baya. Dabarar ita ce gajeren taku, tafin ƙafa gaba ɗaya a ƙasa, ka sa ƙafa inda na gabanka ya cire tasa, domin ya riga ya danne maka wurin. Ka yi tafiyar da za ka iya magana a cikinta ba tare da haki ya yanke maka zance ba. Idan ka kasa haɗa jimla, ka yi sauri da yawa.

Daga tsakiya zuwa sama hanyar tana komawa kan wani doron dutse mai ƙarfi. Ni na fi son wannan wuri duk da ya fi tsayuwa, domin ƙafa tana samun abin takawa. Za ka riƙa kama dutse da hannu a wasu wurare, amma ba a buƙatar igiya ko wata ƙwarewa ta musamman. Abin kula a nan shi ne duwatsun da ke zaune ba su kafu ba. Ka gwada kowanne kafin ka ɗora masa nauyinka, kada ka tsaya daidai ƙarƙashin wani, kuma idan ka tunkuɗo dutse ka yi ihu tun bai yi nisa ba. Mai matsakaicin ƙarfi yana kaiwa bakin ramin cikin sa'a 3 zuwa 4. Wanda ya yi 5 bai yi abin kunya ba.

Kafin ka ga ramin za ka ji warinsa, warin ruɓaɓɓen ƙwai, na farar wuta. Ramin faɗinsa wajen mita 500 ne, zurfinsa ya haura mita 100, bangonsa ja da rawaya da baƙi, tururi yana fita ta wasu tsagogi. Kada ka sauka ciki ko da ka ga sawun wasu. Warin farar wutar gargaɗi ne da hanci ke ji, amma akwai iskar kabon da ba ta da wari ko launi, ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, tana taruwa a wuri mai zurfi ranar da babu iska. Yawancin masu hawa a bakin ramin nan suke tsayawa. Ainihin ƙololuwar tana gaba kaɗan, a bi ta kan wani siririn dutse mai rami a gefe, kuma wannan ɗan guntun ya bambanta da duk abin da ya gabata: yana son hannu biyu da kan da ba ya juyawa. Idan iska tana da ƙarfi, ko ƙafarka tana rawa, ko jagoranka ya ce a'a, ka bar shi. Abin da za ka gani daga bakin ramin bai ragu da komai ba: Bordeira ta zagaye ka, kogunan baƙin dutse na shekaru daban-daban a shimfiɗe a kwarin, kowanne da launinsa, sabo ya fi tsoho baƙi, ta gabas kuma gangara ɗaya tak har cikin teku. Ranar da sama ta washe ana hango duwatsun Santiago.

Saukowa ita ce abin da kowa ke ba da labari, kuma a nan aka fi jin ciwo. Somin-taɓinta dutse ne mai tsayuwa, ana binsa a hankali, ƙafa ta riga ta gaji. Daga nan sai a faɗa wata doguwar gangara ta lallausar toka, inda ake sauka da gudu-gudu, ƙafa tana nutsewa har idon sawu, tokar tana tafiya da kai. Abin da ka hau cikin sa'a biyu sai ka sauke shi cikin minti ashirin ko talatin. Ka jingina jikinka baya kaɗan, dunduniya ta riga yatsu sauka, gwiwa a sake. Kada ka bari gudun ya fi ƙarfinka, domin akwai manyan duwatsu binne a cikin tokar, kuma wanda kansa ya riga ƙafarsa gaba zai yi ta mirginawa a kan tsakuwa mai kaifi. Ka cusa ƙafar wandonka cikin doguwar safa, in ba haka ba takalminka zai cika da tsakuwa tun taku na goma. Takalmin ya zama sau-ciki mai rufe idon sawu, mai ƙasa mai kauri, wanda ka riga ka saba da shi. Sabon takalmi a ranar hawa neman kanta ne. Ka rufe hanci da baki da rawani ko wani ƙyalle, ka sa tabarau, waya kuma ta shiga jaka, domin ƙurar tana shiga ko'ina. Ruwa lita 2 zuwa 3, da dabino da gyaɗa, sun isa guzuri.

Yanzu batun jagora. Ka ɗauka, kuma ka ɗauki ɗan Chã. Ba don hanyar tana da wuyar ganewa da rana tsaka ba. Daga ƙasa ma kana ganin inda za ka. Amma a duhun asuba babu alama, toka tana share sawu, kuma a saukowa akwai gangarar da ke kaiwa gida da wadda ke kaiwa bakin wani gebe, daga sama kuwa kamarsu ɗaya. Idan gajimare ya rufe, waya ba za ta gaya maka wane dutse ne zai riƙe ka ba. Idan ka gurɗe a can sama, mutanen ƙauyen ne za su hau su ɗauko ka a kafaɗa, kuma jagoranka ne ya san wanda zai kira. Ban da wannan, wurin gandu ne da gwamnati ta keɓe tun 2003, kuma jagorancin baƙi yana cikin 'yan hanyoyin samun kuɗin mutanen da dutsen ya cinye wa gidaje. Masaukin da ka sauka zai haɗa ka da jagora tun daren. Ku yi ciniki a gama kafin a kwanta, a fayyace ko da ainihin ƙololuwar a ciki da kuma ta wace hanya za a sauko. Ka zo da tsabar kuɗinsu, eskudo, daga São Filipe. Yarensu Kiriyol ne da Fotugis, amma da yawa daga masu jagorar suna jin Faransanci ko Ingilishi gwargwado.

Ko yana tashi mutum yana kansa? Dutsen yana da rai, wannan ba a ɓoye yake ba. Mutanen Fotugal da suka iso wajen 1460 São Filipe suka sa wa tsibirin. Daga baya aman wutar dutsen ya jawo masa sunan Fogo, wato wuta. A aman da ya yi a 1680, an ce matuƙan jiragen ruwa sun yi shekaru suna gane hanya da haskensa. Ya yi a 1785, 1799, 1847, 1852 da 1857, sai ya yi shiru har 1951. Ya sake yi a watan Afrilun 1995, sannan na baya-bayan nan daga 23 ga Nuwamba 2014 zuwa farkon Fabrairun 2015. Ka lura da tazarar: shekara 94, sannan 44, sannan 19. Wasu sukan ɗauki wannan su ce wai yana ƙara sauri. Lamba uku ba sa kafa ƙa'ida, kuma duk wanda ya ce maka ya san shekarar da zai sake tashi, ƙarya yake yi.

Abu biyu ne ya kamata su kwantar maka da hankali. Na farko, fiye da shekara 200 ke nan aman ba ya fitowa ta ramin sama; ta tsagogi yake ɓullowa a gindin dutsen da gefensa. Na 1995 da na 2014 duk ta gefen kudu maso yamma suka fito, kusa da juna, inda ƙaramin dutsen da ake kira Pico Pequeno yake. Na biyu, narkakken dutse ba ya tasowa daga zurfin ƙasa a ɓoye. Yana fasa duwatsu a hanyarsa, ƙasa tana girgiza. Hukumar yanayi da binciken ƙasa ta Kabo Berde tana da na'urori a tsibirin, kuma a 2014 sun nuna alamun kafin wutar ta fito, mutanen kwarin ma sun ji motsin a ƙarƙashinsu. A wancan aman narkakken dutse ya binne kusan dukan ƙauyukan Portela da Bangaeira, ya haɗa da sabon ginin hedikwatar gandun, ya yanke hanyar mota, aka kwashe mutane wajen dubu, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Yana tafiya a hankali a kan shimfiɗar kwarin, har mutane suka samu damar ciro ƙofofi da tagogin gidajensu. Saboda haka abin da zan ji maka tsoro ba wuta ba ce. Dutse mai gangarowa ne, da targaɗe, da ƙishirwa. Idan dai ka ji ƙasa ta motsa a daren da ka kwana, ka bi maganar masu gida, kada ka ce ai ka riga ka biya.

Mutanen nan ma sun isa a je dominsu. Bayan 1995 an gina musu gidaje a wajen kwarin, a Achada Furna da Monte Grande, amma suka koma Chã. Bayan 2014 aka sake cewa kada su koma, suka sake komawa, wasu suka yi gini a kan dutsen da ya binne tsohon gidansu tun bai gama hucewa ba, daɓen ɗaki ya yi shekaru yana ɗumi. Daga nesa abin kamar taurin kai. Idan ka ga gonakin sai ka gane: a ƙasar da fari ya sha hallaka mutane, tokar nan tana riƙe laima a ƙarƙashinta, tana ba da inabi, tuffa, rumman, ɓaure da wake ba tare da ban-ruwa ba. Za ka ga yara masu gashi ruwan zinariya da koren ido, ka ji sunan Montrond ko'ina. Zuriyar wani Bafaranshe ne, Armand Montrond, da ya zauna a tsibirin a shekarun 1870. Za ka kuma ga bukkokinsu zagayayyu na baƙin dutse, funco.

Tunda daga Kano kake, bari in faɗa maka abin da za ka tarar a kan tebur. Abin alfaharin Chã giyar inabi ce, kuma za a miƙo maka ita a matsayin karramawa. Ka ƙi cikin fara'a, ba sa jin haushi. Abincin ƙasar, kacupa, masara ce da wake, amma sau da yawa da naman alade a ciki ko kitsensa. Ka ce "sem porco" tun kafin a ɗora tukunya, ko ka tsaya a kifi, ƙwai, wake da cukun akuya, wanda suke yi mai kyau. Ruwa yana da tsada a kwarin, na sama ake tarawa ko a kawo a mota, don haka ka yi tattalinsa a alwala da wanka. Alƙibla gabas ce, a karkata kaɗan zuwa arewa.

Watan da ka zaɓa yana da kyau ta fuskar ruwan sama, domin daminarsu gajera ce, daga Agusta zuwa Oktoba. Amma akwai baƙon da ka sani zai iya riga ka isa: hazon hunturu. Ƙurar Sahara da ke rufe Kano a Disamba da Janairu tana ƙetare Senegal ta yi tafiyar kilomita 570 da ƙari a kan teku ta sauka a tsibiran nan, suna kiranta bruma seca. Tana dushe hangen nesa, kuma mafi muni, tana hana ƙananan jirage sauka. Jirgin sama daga Praia zuwa São Filipe rabin sa'a ne, na ruwa sa'a 4 ko kusa da haka a kan teku mai tambal-tambal, kuma kowannensu ana iya ɗage shi. Kada ka sa dawowarka daga Fogo a ranar da jirginka na gida zai tashi. Ka bar kwana ɗaya aƙalla a tsakani, a Praia. Ƙasar tana cikin ECOWAS, don haka fasfon Najeriya ko Gana ba ya buƙatar biza, amma jami'an shige da fice suna tambayar tikitin komawa, adireshin masauki da shaidar kuɗin kashewa. Ka riƙe takardar gayyatar taron da katin rigakafin shawara. Mai fasfon Nijar ya bincika da ofishin jakadanci tukuna, tunda Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Kafin tafiyar, ka yi sati shida kana horar da ƙafa. Tafiya a shimfiɗaɗɗen titi ba ta isa ba. Ka nemi matakala ko Dala ko Goron Dutse, ka hau ka sauka ka maimaita, da jaka mai ruwa lita uku a bayanka, cikin takalmin da za ka je da shi. Ka ba saukowa muhimmanci kamar hawa, domin cinya da gwiwa a nan suke kuka.

Ga yadda zan tsara maka kwanakin. Ranar farko ka sauka São Filipe ka wuce Chã, da la'asar ka taka zuwa Pico Pequeno, tafiya mai sauƙi da za ta gwada maka numfashinka, ka ga bakin aman 2014 da duwatsunsa masu launin ja da rawaya. Rana ta biyu ka hau babban. Rana ta uku, idan gwiwa ta yarda kuma har yanzu kana son haɗa dutsen da teku da ƙafarka, akwai hanyar da ke fita ta arewacin kwarin, ta ratsa dajin Monte Velha, ta gangara cikin gajimare da gonakin kofi, ayaba da lemo har Mosteiros a bakin ruwa. Gangara ce ta mita 1,700 cikin sa'a 4 zuwa 5, mai santsi idan ƙasa ta jiƙe, kuma ta fi hawan Pico cin gwiwa. Sanda biyu sun fi ɗaya. Idan jikin ya ƙi, ka hau mota ka koma São Filipe. A can, kada baƙin yashin da ke ƙarƙashin garin ya ja ka shiga ruwa, igiyarsa tana da ƙarfi kuma tana ja ciki. Mai son wanka ya tafi Ponta da Salina, arewa da garin, inda duwatsu suka tare ruwan, shi ma sai ya tambayi masunta yanayin tekun a ranar.